Yadda za ka zama dillalin gida da fili da ake nema a Sakkwato

Wani yaro da ya gama bautar ƙasa ya same ni a rumfarmu ya ce: "Baba, dillanci nika so in shiga, ka koya min magana." Na ce masa magana ce ta ƙarshe cikin abin da zai koya. Ga yadda na jera masa aikin.

Da farko ka taka garin da ƙafarka. Hoton da aka turo maka a WhatsApp ba ya nuna kwatar da ke ƙofar gida. Hau kabu-kabu ka zagaya Mabera, Arkilla, Gawon Nama, Runjin Sambo, Bado, Dambuwa, har Kwannawa. Duk inda ka sauka, zauna wurin mai shayi ka tambayi abu uku: famfo na zuwa ko sai 'yan garuwa, yaya wuta, kuma mota na shiga layin a watan Agusta? Da haka za ka san wa ya dace da ina. Ma'aikaciyar jinya a asibitin koyarwa ta fi son Gawon Nama saboda aikin dare. Mai aiki a kamfanin siminti na Kalambaina zai fi jin daɗin Arkilla. Wanda ya ga ambaliyar 2010, wadda ta yanke hanyar shiga mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ba ya wasa da maganar fili kusa da fadama, kai ma kada ka yi.

Na biyu, kuma nan ne mutuncin dillali ke tsayawa ko ya zube: kada ka tallata abin da ba ka ga takardarsa ba. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, shi ya sa takardar mallaka daga gwamnati take fitowa, kuma sauya sunan mai ita na buƙatar amincewar gwamna. Ka tambayi mai fili wace takarda ke hannunsa: ta gwamnati ce, ko ta ƙaramar hukuma, ko kuwa takardar ciniki ce kawai da mai unguwa ya sa wa hannu? Kowacce da nauyinta da farashinta, kuma haƙƙin mai saye ne ya sani. Ɗauki kwafi ka je ma'aikatar filaye a duba maka fayil. Sannan ka riƙa yawo da tef ɗin awo. Sau nawa aka ce min fili ƙafa 50 ne a 100, na auna na tarar maƙwabci ya ci ƙafa biyar da katangarsa.

Gidan gado kuwa sai ka ninka hankali. Babban wa zai zo ya ce shi ke da magana, alhali akwai ƙanwarsu da ke aure a Gusau ba ta ma san ana sayarwa ba. Ka nemi takardar rabon gado daga kotu, ko dukkan magada su sa hannu, mata da maza. In an ce maka "ai ba ta da matsala", ka ce a kira ta a gabanka. Gara ciniki ya yi jinkirin mako biyu da ka shekara kana zirga-zirgar kotu a matsayin shaida.

Na uku, idan mai saye ya zo, ka rufe bakinka ka buɗe kunne. Sabon dillali yakan fara zuba kamar kanya tun Alhaji bai gyara zama ba. Ka gaisa da kyau, sannan ka tambaya: "Ranka ya daɗe, na zama ne, ko na haya, ko kuɗi za a ajiye a ƙasa?" Amsar nan kaɗai ta raba maka aiki gida uku. In na zama ne, ka san yawan iyali, ko ana buƙatar sashe biyu, ko yana son zaure da ɗakin baƙi a waje. Kada ka ce masa "nawa gare ka", babban mutum ba ya son wannan tambaya. Ka ambaci gida biyu masu farashi daban, ka lura da wanda ya tsaya yana tambaya a kai. Ka kuma gano wa ke yanke magana. Sau da yawa Alhaji ke biya, amma in Hajiya ta leƙa kicin ta yi shiru, cinikin ya mutu ko da ba a faɗa maka ba.

Na huɗu shi ne nuna gida. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kada ka ja mutum yawo da tsakar rana, ka sa da hantsi ko bayan la'asar. Gida uku sun isa a rana ɗaya. Ka riga shi zuwa, a share, a buɗe tagogi. In kun shiga, kai za ka fara faɗin aibi: "Alhaji, rufin ɗakin can yana yoyo, kuma ruwa sai an saya." Hadisi ya tabbata cewa mai saye da mai sayarwa in suka yi gaskiya suka bayyana, ana sa wa cinikinsu albarka, in suka ɓoye suka yi ƙarya, a shafe ta.

Ni da wuya na koyi wannan. Ina sabon shiga na sayar wa wani malamin makaranta fili da rani, wuri shimfiɗe gwanin kyau. Na ga alamar zaizaya a gefe, na kawar da kai. Da damina ta sauka ya kira ni, na tarar da shi tsaye, wando a naɗe har gwiwa, bulon da ya tara rabi cikin ruwa. Bai zage ni ba. Cewa kawai ya yi: "Malam, kai ka san wurin ga, ni ban sani ba." La'adar da na ci ba ta yi wata guda a aljihuna ba, amma na shekara uku ba wanda ya neme ni daga makarantarsu.

Na biyar, kuɗi. Ka tsayar da maganar la'adarka tun kafin a fara tayi. Abin da aka fi sabawa shi ne kashi 5 cikin 100 a kan sayarwa, kashi 10 a kan haya, amma abin da kuka yi yarjejeniya a kai shi ne magana. Ka faɗi wa zai biya. In akwai wasu dillalai a cikin cinikin, ku raba tun da wuri, don faɗan la'ada a gaban mai saye ya kashe ciniki da yawa. Ɗora wani abu a kan farashin mai gida ba da saninsa ba, yau ko gobe zai fito, domin su biyun za su haɗu a masallaci ko wurin ɗaurin aure. Haka nan ƙirƙiro wani "Alhajin Abuja" da wai ya taya sama don a tsorata mai saye, wannan najashi ne, shari'a ta hana.

Idan mai saye ya taya, mai gida ya ce "albarka", kada ka rikice. Ba ƙarshen magana ba ne. Ka ware kowa gefe ka ji inda zai iya tsayawa, ka kusanto da su a hankali. Da ka ji "na sallama", ka daina yabon gidan. A ba da kafin alƙalami, a rubuta ranar cikawa, shaidu su sa hannu, lauya ya tsara takardar ciniki, kuɗi kuma su bi ta banki daga mai saye zuwa mai gida kai tsaye.

Abu na ƙarshe, ka sayi littafi. Za ka yi wata biyu ba ka ci ko sisi ba, wani ya sha maka man fetur a yawo uku ya ɓace. Rubuta sunansa, da abin da yake nema, da ranar da kuka rabu. Duk Jumma'a bayan an sauko, ka ɗauko mutum biyar daga littafin ka kira ku gaisa kawai. Wanda ka riga ka sayar wa kuma, ka leƙa shi bayan ruwan farko ka ga ko rufin ya riƙe.