Yadda za ki kai 'yarki makarantar sakandaren St. Louis ta Kumasi

Iyayen Aboabo da Asawase kun dame ni da tambaya, to ga shi.

1. Zaɓi makarantar a fom ɗin zaɓen makarantu.
2. Haɗa da ƙananan makarantu, don gurbin St. Louis wallahi gasa ce, kowa na so.
3. Sakamakon BECE (jarabawar shiga babbar sakandare) ya fito, duba sunanta a CSSPS, shafin intanet na rarraba ɗalibai makarantu, da lambar jarabawarta.
4. Buga takardar gurbin.
5. Je Oduom, inda makarantar take, da kanki ki karɓi jerin kaya. Kar ki sayi akwati da katifa kafin nan, asarar kuɗi ce.
6. Tambayi shugabar makaranta batun sallah, azumi da ɗankwali, makarantar Katolika ce fa, akwai coci kuma horo ba wasa.
7. Karɓe wayarta ranar tafiya.