Yadda za ku yini a Istanbul da abokai ba ku tatse aljihu ba

Mu huɗu muka je, kuma tun ranar farko na lura kunya ce ke cinye mana kuɗi fiye da tsadar garin. Wannan ya biya shayi, wancan ya ji nauyi ya biya tasi, kafin azahar kowa ya kashe ninkin abin da ya tsara. Don haka ku fara da naɗa ma'aji. Da safe kowa ya zuba lira, kuɗin Turkiyya, daidai da na ɗan'uwansa, ma'aji kaɗai zai riƙa biya har dare. Ku zaɓi mai taurin ido, wanda zai iya ce wa babban yaya "Yallaɓai, a yi haƙuri, babu wannan a lissafi" ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

Kuɗin farko da zai fitar na katin Istanbulkart ne. Ana sayensa a na'urorin da ke tashoshi, yana aiki a taragon cikin gari, jirgin ƙarƙashin ƙasa, bas da jirgin ruwa. Mu kati ɗaya muka yi amfani da shi, ma'aji ya tsaya a ƙofa yana taɓawa sau huɗu. Tasi kuwa ku manta da ita, cunkoson Istanbul ya isa ya sa mita ta yi ta gudu kuna zaune wuri ɗaya.

Karin kumallo a tsaye: simit, wani burodi mai siffar zobe da aka barbaɗe da riɗi, daga jajayen amalanken da ke bakin titi, sai shayi a ɗan ƙaramin kofin gilashi. Daga nan ku hau taragon layin T1 zuwa unguwar Sultanahmet da sassafe, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su sauke jama'arsu. Masallacin Sultan Ahmed mai hasumiya shida kyauta ake shiga, sai dai ana dakatar da masu kallo a lokutan salla. Ayasofya na fuskantarsa. An gina ta a matsayin coci a shekarar 537, an sake mayar da ita masallaci a 2020, kuma tun 2024 baƙon da ya zo kallo sai ya biya, da farashin yuro. A nan ake gardama, shi ya sa muka kafa doka: wurin biyan kuɗi ɗaya tak a yini. Ko Ayasofya, ko fadar Topkapi, ko hasumiyar Galata. A yi ƙuri'a tun a masauki, kada a bari sai an zo bakin layi.

Babbar kasuwar nan mai rufi, Kapalicarshi, ku ratsa ta hannu a aljihu. Ba ta buɗewa ranar Lahadi. Ɗaya daga cikinmu ya sayi fitila a shagon farko da ya gani, bayan minti goma muka ga irinta a lungun waje da arha sosai. Har yamma bai ce uffan ba.

Ku haura tudu zuwa masallacin Sulaimaniyya, wanda magini Sinan ya kammala a 1557. A wurina ya fi ko'ina daɗin zama. Ba turereniya, ba tikiti, kuma daga farfajiyar baya za ku hango ruwa da gadar Galata da rabin gari. Dab da ƙofarsa akwai jerin gidajen abinci da suka yi suna da kuru fasulye, wato farin wake da aka dafa da tumatir, ana haɗa shi da shinkafa. Idan ba nan ba, ku nemi esnaf lokantasi, inda ma'aikata da 'yan kasuwa ke ci. Tukwane na jere a bayan gilashi, nuni kawai za ku yi da yatsa. Gidan da kuka ga an tsayar da mutum a ƙofa yana kiranku da takardar abinci mai hotuna, ku yi masa murmushi ku wuce.

Bayan la'asar ku gangara Eminonu, unguwar bakin ruwa da jiragen ruwa ke tashi. Masu tallar yawon kwale-kwale za su tare ku, ku ƙyale su ku shiga jirgin ruwan haya na Kadikoy da katinku. Cikin kamar minti 20 kun bar Turai kun shiga Asiya, shayi a hannu, tsuntsayen teku na bin jirgin suna cafke guntun simit a iska. Ku zauna a waje ta baya don ku kalli hasumiyoyin tsohon gari suna ja da baya.

A Kadikoy ku ci lahmajun, siririn burodi da niƙaƙƙen nama a kai, a matsa lemun tsami a naɗe. Idan kuɗin ma'aji sun ƙare har ta kai ga katin banki, kuma na'urar ta tambaya da wane kuɗi za a cire, ku zaɓi lira, don canjin da na'urar ke yi da kanta ya fi tsada. Mu namu ma'ajin ya rage 'yan canji, da su muka sha shayin ƙarshe a jirgin dawowa.