Yadda ake kwana a bakin tekun Yanbu da tanti da keke

Duk shekara idan sanyi ya shigo, sai in ga 'yan uwanmu na Jidda da Madina sun ɗaure keke a bayan mota sun nufi Yanbu yin kashta, wato fita shaƙatawa da kwana a fili, washegari su dawo ido jawur, ba su runtsa ba. Yawancinsu iska ce ta koro su.

Ka tafi tsakanin Nuwamba da Fabrairu, in ba haka ba gumin Bahar Maliya ba zai bar ka barci ba. Daga Jidda kilomita 300 ne da 'yan kai, don haka ka fito da wuri, ka isa da sauran rana. Kafin ka sauke kaya ka tambayi masu tsaron iyaka, haras al-hudud, ko an yarda a kwana a wurin, ka kuma ajiye lambarsu. In ka ga fili mai farin gishiri a sama, sabkha ce, samanta a bushe, ƙarƙashinta taɓo. Ka bi sawun motar da ta shiga ta fito kawai.

Yanzu batun tanti. 'Yan turakun da ake sayarwa tare da shi ba na yashi ba ne. Zuwana na farko na kafa su lafiya lau da la'asar, can tsakar dare iskar arewa ta fizge su, tantin ya kife a kan yarana, ƙaramar ta yi ta kuka har asuba. Har yau abin yana damuna. Tun daga nan buhunan shinkafa nake tarawa a gida, guda shida, ba ko riyal. Ka cika kowanne da yashi, ka ɗaura igiyar tanti a tsakiyarsa, ka binne shi zurfin kamu ɗaya, ka tattake. Ƙofa ta kalli kudu, mota ta tsaya ta arewa ta tare iska. Da magariba ka sake jan igiyoyin, domin suna saki. Bargo da takalma su kwana a ciki, raɓar bakin teku tana jiƙa komai. Gawayi kuwa ka sayo, sare icen daji akwai tara.

Keke, bayan sallar asuba ka fuskanci arewa tun iska na kwance, ta yadda in ta taso da hantsi za ta turo ka gida. Masu fara yin kudu su ne ke dawowa suna turin keke. Ni ba na zuwa da mai siririyar taya. Ka riƙe faci da famfo, ka wanke sarƙa da ruwan daɗi in ka dawo, gishiri ba ya jiran tsatsa ta yi sallama.

Tsuntsaye suna wajen bishiyoyin shura da ke tsiro cikin ruwa. Ka jingine keke da nisa, ka zauna rana a bayanka, da madubin hangen nesa 8x42, wato mai ƙara girman abu sau takwas. Za ka ga zalɓe, da shahon da ke faɗawa ruwa ya suro kifi, wani lokaci har filamingo, wanda Larabawa ke kira nuham. Kada ka kutsa cikin shurar, saiwoyinta da suke tsaye a laka da su take numfashi.