Darasi na 9: Ciwon Maƙogwaro Mai Taɓa Zuciyar Yaro

Idan hunturu ya kama, da wuya a sami gidan da yaro bai yi kukan maƙogwaro ba. Yawanci mura ce, kuma takan wuce da kanta. Amma akwai wani irin ciwon maƙogwaro da wata ƙwayar cuta mai suna sitiref ke kawowa, kuma ya fi kama yara 'yan shekara 5 zuwa 15.

Yaya za a gane shi? Yakan zo farat ɗaya da zazzaɓi. Yaro ya kasa haɗiye ko da kunu, kaluluwa ta fito masa a wuya, cikin maƙogwaronsa ya yi ja, wani lokaci da ɗigon mugunya fari. Galibi ba tari, ba majina. Yana yaɗuwa ta atishawa da yawu, musamman inda yara da yawa ke kwana ɗaki ɗaya.

Bayan 'yan kwanaki ciwon yakan lafa ko ba a sha magani ba, uwa ta yi hamdala. To, a nan hatsarin yake. Bayan mako 2 zuwa 3 sai zazzaɓi ya dawo wa wasu yaran, gaɓoɓinsu su kumbura. Yau gwiwa, gobe idon sawu, jibi gwiwar hannu. Ciwon yana tashi daga wannan gaɓa ya koma waccan. Likitoci na kiran wannan zazzaɓin rumatik. Garkuwar jiki ce ta tashi yaƙi da ƙwayar cutar, ta rikice ta faɗa wa jikin kansa, kamar mai gadi ya bi ɓarawo cikin duhu ya maki ɗan gida.

Gaɓoɓi suna warkewa sarai. Zuciya ce abin ji. A cikinta akwai ƙofofi 4 masu buɗewa da rufewa don jini ya bi hanya ɗaya. Zazzaɓin yana kumbura su, kuma duk dawowar da ya yi sai ya ƙara musu tabo, har wata ta tsuke ko ta riƙa yoyo. Shekaru na iya wucewa ba a sani ba. Sai saurayi ya fara haki in ya ɗauko ruwa, ƙafafunsa su kumbura, ko kuma abin ya fito fili lokacin da yarinya ta yi aure ta sami ciki na fari. Mutane miliyoyi ne ke fama da wannan a duniya, mafi yawansu a ƙasashe matalauta, shi ya sa a 2018 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri a kansa.

Akwai wata alama ta zazzaɓin rumatik da ke ruɗa iyaye. Yaro, musamman mace, ya riƙa fizge-fizgen hannu da fuska ba da sonsa ba, cokali na faɗuwa daga hannunsa, rubutunsa ya lalace. Sau da yawa akan ce iska ce, wasu ma su doke shi wai iskanci yake yi. Don Allah a kai shi asibiti, a kuma gaya wa likita idan ya yi ciwon maƙogwaro a watannin baya.

Maganin ciwon maƙogwaron tun farko ba shi da tsada: allurar fenisilin guda ɗaya, ko ƙwaya ta sha ta kwana 10 cif. Ma'aikacin lafiya ne zai zaɓa, bayan ya tambaya ko jikin yaron ya taɓa ƙin fenisilin. Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen ƙwaya 4 a kemis, a daina da zarar yaro ya fara cin tuwo. Kai shi wurin wanzami a cire belu ma ba ya kashe ƙwayar cutar, sai dai ya jawo zubar jini.

Yaron da ya riga ya yi zazzaɓin rumatik yana bukatar allurar fenisilin duk mako 3 ko 4, na tsawon shekaru, galibi har ya kai 21, wani ma ya zarce. Allurar da zafi, yara sukan gudu. Ku lallashe su, ku riƙa sa alama a kalanda.

Tambayoyi
1. Yara 'yan shekara nawa ciwon ya fi kamawa?
2. Kwana nawa ake shan ƙwayar maganin?
3. Me ya sa ba a daina allura ko yaro ya ji sauƙi?

Aikin gida: Rubuta sunan asibitin da ya fi kusa da gidanku, da ranakun da ake ganin yara a can.