Yadda za ka fitar da bayanai da tsari ɗaya daga rumbuna masu kama da juna

A ce makaranta ce mai rassa uku, ɗaya a Kawo, ɗaya a Barnawa, ɗaya a Tudun Wada, kowane reshe da nasa kwafin rumbun bayanan ɗalibai. Ƙarshen zango hedikwata ta ce a turo jerin waɗanda suka biya kuɗin makaranta. Magatakardan Kawo ya fitar da nasa: lambar ɗalibi, suna, aji, kuɗi. Na Barnawa ya fara da suna, ya kai lamba ƙarshe. Ana haɗa fayilolin a Excel, sai ga sunan yaro zaune a gurbin lamba, jimillar kuɗi kuma ta ƙi fita. Ba ganganci kowa ya yi ba, kowa da hannu ya jera gurabensa a ranar. Gyaran shi ne a jera sau ɗaya, a adana jerin cikin abin da ake iya kwafa, sannan a kai shi kowane rumbu.

Sai dai kafin ka kwafi komai, daidaita sunayen gurabe, don nan ne aikin ke lalacewa. Idan ka ɗauki tsari daga wani fayil zuwa wani, manhaja da suna take neman gurbi. In reshe ɗaya ya rubuta Lambar_Waya, ɗayan ya rubuta GSM, a wurinta abubuwa biyu ne da ba su san juna ba. Ɗauki takarda ka rubuta jerin da hedikwata ke so, daga 1 har ƙarshe, kowane gurbi da cikakken sunansa da nau'insa: rubutu ne, lamba ce, ko kwanan wata. Da wannan takardar za ka bi rumbunan ɗaya bayan ɗaya.

A FileMaker, wata manhajar gina rumbun bayanai, idan ka shiga File ka zaɓi Export Records, manhajar takan tuna jerin da aka yi amfani da shi na ƙarshe a wannan fayil. Kada ka dogara da wannan. Gobe wani ya fitar da wani rahoto daban, naka ya tafi. Buɗe Script Workspace ka ƙirƙiri jerin umarni mai matakai huɗu: Go to Layout, sai Perform Find ko Show All Records, sai Sort Records, sai Export Records. A matakin ƙarshe ka saka inda fayil zai sauka, ka jera gurabe kamar yadda suke a takardarka, ka kashe akwatin tambaya don kada mai aiki ya sami damar taɓa jerin. Mataki na biyu yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin FileMaker bayanan da ke buɗe a gabanka kaɗai yake fitarwa. In an bar sakamakon binciken 'yan aji ɗaya a kan allo, su kaɗai za su fita, kuma ba zai yi maka gargaɗi ba.

Yanzu ka kwafi jerin umarnin ka liƙa shi a Script Workspace na fayil na biyu. Kana buƙatar izinin gyara jerin umarni a fayilolin biyu. Abubuwa uku ne dole sunansu ya zo ɗaya: gurbin, teburin kamar yadda aka sa masa suna a taswirar alaƙa (Relationships, inda ake haɗa tebura da juna), da shafin (Layout) da mataki na farko ke zuwa. Shi ya sa ake ƙirƙirar shafin kafin a liƙa, ba bayan an liƙa ba. Da ka gama, buɗe matakin Export Records ka karanta jerin da idonka. Duk inda ka ga Field Missing, sunan bai dace ba. Gyara sunan gurbin, goge abin da ka liƙa, ka sake liƙawa. Sauya sunan gurbi a cikin FileMaker ba ya karya tsofaffin umarnin wannan fayil, saboda a ciki da lambar ɓoye yake bin kowane gurbi, in banda inda aka rubuta sunan da hannu cikin lissafi irin na ExecuteSQL. Idan kuwa sabon reshe za a buɗe, a ce a Rigasa, kada a gina rumbu daga tushe. Yi Save a Copy As, ka zaɓi kwafin da babu bayanai a ciki, komai zai zo da shi.

Ka kuma lura, CSV na FileMaker, wato fayil na rubutu mai raba gurabe da waƙafi, ba ya sa sunayen gurabe a layin farko. Zaɓi nau'in fayil na Merge, ko Excel tare da sunaye a layi na farko. Fayil marar kanun suna shi ne ke ɓoye kuskure har wata uku ba a gano ba.

A Microsoft Access, kada ka fitar da tebur kai tsaye. Gina Query, wato tambayar da ke ɗauko bayanai daga tebur, ka jera gurabe a cikinta yadda ake so, ita za ka riƙa fitarwa. Lokacin fitar da fayil na rubutu, danna Advanced ka adana tsarin da suna. A rumbu na biyu, shigo da ita ta External Data, ka danna Options ka sa alama a Import/Export Specs. In ka manta wannan alamar, tambayar za ta zo, tsarin fitarwar ya tsaya a baya.

Masu MySQL da PostgreSQL nasu ya fi sauƙi: a daina rubuta SELECT da tauraro, wato SELECT *, mai ɗauko duk gurabe. Tauraro yana bin yadda aka gina teburin ne, PostgreSQL kuma ƙarshe yake kai duk sabon gurbi, don haka rumbuna biyu da aka yi wa gyara a lokuta daban za su ba da jeri daban. Lissafa gurabe da sunansu, ka adana su a View, wato tambayar da aka ajiye a rumbu, mai suna ɗaya a kowane rumbu. Inda suna ya saɓa, yi amfani da AS ka ba shi sunan da ake so, ba sai ka taɓa teburin ba. Teburin information_schema.columns zai nuna maka sunan kowane gurbi da matsayinsa in kana son kwatantawa.

Ko jeri ya daidaita, akwai abubuwa uku da ke ɓata fayil a nan gida. Lambar waya mai lamba 11 da sifiri take farawa, lambar asusun banki mai 10 ma takan fara da shi. Idan aka danna CSV sau biyu ya buɗe a Excel, sifirin ya tafi. Ajiye su a matsayin rubutu, ka shigo da fayil ta Data, From Text/CSV, ka ce wa waɗannan gurabe rubutu ne. Sai kwanan wata: 03/04/2024 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka kuma za ta karanta shi 4 ga Maris. Fitar da shi shekara, wata, rana, wato 2024-04-03. Na uku haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. In ba tsarin haruffa na UTF-8 ka zaɓa ba wajen fitarwa, sunan Ɗanjuma zai iya fitowa da alamar tambaya a farkonsa, wanda ya neme shi da suna kuma ba zai same shi ba.

Kafin ka miƙa wa ma'aikata, gwada da bayanai biyar daga kowane reshe. Ɗora layin farko na fayilolin ɗaya kan ɗaya, ka ƙirga gurabe, ka haɗa kuɗin mutum biyar ɗin da kalkuleta ka gani ko ya yi daidai da na rumbu. Sa wa tsarin lamba a sunansa, kamar Fitarwa_Kudi_1. Ranar da hedikwata ta nemi ƙarin gurbi, sa shi a ƙarshen jeri, ka mai da sunan Fitarwa_Kudi_2, ka kai shi duk rassan a rana ɗaya.