Kama layin likita ta waya

'Yan uwa mazauna Makka da Jidda, ku daina sammako zuwa markaz (asibitin unguwa) ba tare da mau'idi ba, wato lokacin ganin likita da aka kama tun da wuri. Ku sauke manhajar Sehhaty ta Ma'aikatar Lafiya, ku shiga da lambar iƙama (katin izinin zama a Saudiyya), sai ku zaɓi asibitin unguwarku da rana da sa'a.

Abin da ke ci min rai shi ne masu kama lokaci su ƙi zuwa. Wani tsoho mai ciwon suga yana can yana jiran gurbin nan! In uzuri ya taso, don Allah a soke a cikin manhajar.

Iyayenmu da waya ke ba wuya, a kira musu 937, layin Ma'aikatar Lafiya, dare da rana ana ɗauka. A tafi da iƙama da kwalayen magungunan da ake sha.