Yadda za ka zaga Lagdo da Gunugu a kan keken hawa dutse

Masu keke a Garwa, arewacin Kamaru, yawanci iyakarsu kwalta, daga gida zuwa bakin gadar Binuwai a juyo, alhali ga Lagdo nan kusa, wurin da za ka samu tafki da duwatsu da gonakin shinkafa duk a fita ɗaya. Madatsar ruwan Lagdo tana wajen kilomita 50 kudu da Garwa, a kan titi kuwa ta ɗan ɗara haka saboda sai ka bi hanyar Ngaundere tukuna ka ratse. Shawarata kar ka ce za ka tuƙo tun daga Garwa ranar farko, ƙarfinka zai ƙare a kwalta cikin manyan motoci. Ka ɗora keken a mota, ka kwana a Lagdo, ka fita da sassafe.

Kafin maganar keke ma, maganar lokaci ce gaba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu shi ne lokacin abin, ƙasa ta bushe, ga sanyin hunturu, sai dai wani lokacin hazo ya rufe duwatsun ka hau tudu da wahala ka tarar ba ka ganin komai sai fari fat. In kana son gani mai kyau to Nuwamba ta fi, ciyawa ba ta gama bushewa ba kuma tafki a cike yake. Maris da Afrilu kam zafin nan namu yana wuce digiri 40, wanda duk ya fita a watannin nan to ƙarfe tara ta yi masa yana inuwa. Damina kuma daga wajen Mayu zuwa Oktoba kyau dai akwai shi, ko'ina kore shar, amma baƙar lakar kwarin Binuwai ba ta wasa, tana liƙe wa taya har ta toshe tsakanin taya da ƙarfe, kai da ka zo hawan keke sai ka koma keke ne ke hawanka.

Keken da ake nufi shi ne mai faɗin taya mai ƙuraje da giya, wanda masu Faransanci ke ce wa VTT. Ba dole sai sabo dal ba, na gwanjo ma yana yi in ƙarfensa lafiya lau ne. Abin da za ka duba kafin ka biya: ka ɗaga shi ka juya taya ka ga ko tana lilo, ka matse birki biyun ka tura ka ji ko suna kamawa, ka zagaya da shi kana canza giya daga ƙarama har babba, in sarƙa tana tsalle ko tana zamewa to haƙoran sun cinye. Irin masu shokozoba gaba da baya na araha ɗin nan masu ƙyalli ni ban ba su daraja ba, nauyi ne kawai, gara mai shokozoba a gaba kaɗai ko ma wanda ba shi da shi sam. Sirdi kuma ka ɗaga shi yadda in feda ta kai ƙasa ƙafarka za ta kusa miƙewa, mutanenmu sun saba hawa sirdi a ƙasa gwiwa na dukan ƙirji, shi ya sa kafin a yi nisa gwiwa ta fara ciwo.

Babban abokin gabarka a nan ƙaya ce. Tsidau a gefen gonaki, ƙayar bagaruwa da ta aduwa a jeji, ga rassan da manoma ke sarewa su yi shinge iska ta watso su kan hanya. Don haka tib guda biyu a jaka, faci da sholisho, famfo ƙarami, ƙarfen cire taya, sifana da makullan da suka dace da notikan kekenka. Masu faci suna nan a Lagdo da manyan ƙauyuka amma tsakanin ƙauye da ƙauye kai ne mai facin kanka, ka koya tun a gida. In ka cire tib kar ka yi gaggawar sa sabo, ka bi cikin tayar da yatsa a hankali har ka taɓo ƙayar ka zare ta, in ba haka ba sabon ma yanzu zai sace. Wata dabara da 'yan ƙauye ke yi kuma tana aiki, a tsaga tsohon tib a shimfiɗa shi tsakanin taya da sabon tib, yana ƙara nauyi kaɗan amma yana tare ƙananan ƙayoyi. Iska kuma kar ka ɗura ta taya ta yi tauri kamar dutse, ka bar ta tana ɗan lotsawa in ka danna da babban yatsa, ta fi kama ƙasa a yashi da tsakuwa.

Ruwan sha aƙalla lita 3 in za ka kai hantsi. Ɗaya daga ciki ka haɗa shi da sukari cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokalin shayi a lita 1. Dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, sun isa. Hular kwano dole, ko abokai za su yi maka dariya su yi. Katin shaidarka ma kar ka bari a masauki, akwai jandarmomi a hanya kuma kusa da madatsa ana tambaya.

To yanzu hanya. Ka idar da sallar asuba ka sha shayi, gari na fara wayewa ka kama hanyar madatsa. Wani kamfanin ƙasar Sin ne ya gina ta tsakanin 1977 da 1982, tsayinta mita 40, tsawonta mita 308, an dasa ta ne daidai inda Binuwai ke matsewa tsakanin duwatsu biyu, kuma injinanta 4 masu ba da megawat 72 su ne suka daɗe suna haska arewacin Kamaru. 'Yan'uwanmu na Yola da Lokoja sun san sunan Lagdo ta wata fuskar daban, duk shekarar da aka buɗe ƙofofin ruwa irin 2012 da 2022 sai ka ji sunan a rediyo kullum saboda ambaliya. In ka iso wurin ka rage gudu, ka gaida masu gadi, wayarka ta zauna a aljihu. Ɗaukar hoton madatsa da tashar wuta ba tare da izini ba yana iya jawo maka zaman da ba ka shirya ba, hoton tafki kuwa za ka samu wurare birjik a gaba.

Daga nan sai ɓangaren Gunugu, ƙasa da madatsar, inda babban kanal ke ɗaukar ruwa daga tafki yana raba wa gonakin shinkafa. Nan ne wurin da na fi so mai koyo ya fara. Hanyar da ke bin gefen kanal a shimfiɗe take, ba hawa ba gangara, kuma ba ka ɓata, muddin ruwa na gefenka ka san inda kake, in za ka dawo ka juya ka bi shi baya. Da rani ne abin ya fi burgewa, daji duk ya yi ja ya ƙone amma nan ciki shinkafa kore, balbelu fari tas a cikin fadama, zalɓe a tsaye a bakin ruwa, yara na kaɗa gwangwani suna korar tsuntsaye, can baya kuma duwatsu sun yi layi rana na fitowa ta kansu. Ba wurin gudu ba ne, kuma ko ka so ma ba za ka samu ba, don hanyar ta masu ita ce: mata da kwanukan wanki, amalanken shanu, masu babur ɗauke da buhuna, jakuna. Kai baƙo ne, kai za ka kauce. Ka yi sallama tun daga nesa kar ka zo wa tsohuwa ta baya shiru ta firgita, "sannu Inna, zan wuce" ya wadatar, in Fulatanci ne a bakinsu ka ce "a waali jam" ka ga yadda fuska ke sakewa. Kunyoyin da ke tsakanin gonaki kuma kar ka hau su da keke ko da sun yi maka kama da hanya, da hannu aka ɗaga su don su riƙe ruwa, taya ɗaya ta fasa su ka jawo wa mutum aikin yini.

Ruwan kanal ɗin zai ja hankalinka in rana ta ɗaga, ga yara na ta iyo a ciki. Kar ka shiga, kar ka wanke fuska, ruwan da ke tafiya a hankali mai ciyayi irin wannan shi ne gidan dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya, ta fata take shiga ba sai ka sha ba. Bakin kogin kansa kuma akwai dorina, da dare suke fitowa kiwo su koma ruwa da asuba, daidai lokacin da kai kake fitowa. In ka ga sawunsu ko kashinsu sabo a hanyar da ta gangara ruwa to ka canza hanya, kuma ko da wasa kar ka shiga tsakanin dorina da ruwa. Masunta sun san inda suke kwana, ka tambaye su.

Wanda ƙafarsa ta yi ƙwari sai ya bar kanal ya nufi gindin duwatsu ta hanyoyin shanu da na masu itace. A nan ne keken zai nuna amfaninsa. Za ka ratsa gonakin auduga da na masara, kuka da giginya da tsamiya jefi-jefi, sai filayen masakwa, wato dawar rani, inda ƙasa ke tsattsagewa da rani, ga sawun kofaton shanu da ya bushe tun ƙarshen damina ya zama gargada mai girgiza haƙori, a irin wurin ka ɗaga ɗuwawu daga sirdi ka sassauta gwiwa da gwiwar hannu keken ya yi rawarsa a ƙarƙashinka. In ka zo mayo, wato rafin da ya ƙafe ya bar yashi, ka sa giya mai sauƙi tun kafin ka shiga, ka koma baya kan sirdi, kar ka ƙanƙame kan keke kar kuma ka daina taka feda, da ka tsaya shi ke nan sai turi. Hawa ma haka, giya ake canzawa kafin tudu ba a tsakiyarsa ba, kuma a zaune ake hawan tsakuwa, in ka miƙe tayar baya sai ta riƙa sulɓewa. Gangara ita ce ke kai mutane asibiti. Feda biyu a daidaita su, jiki baya, yatsu a kan birki biyun ana matsawa kaɗan-kaɗan, wanda ya damƙe birkin gaba shi kaɗai ta saman kan keke zai wuce. Idonka ya kasance inda kake son bi, dutsen da ka ƙura wa ido shi za ka daka. In wuri ya fi ƙarfinka ka sauka ka tura, ba wanda ke rubuta maki.

Ladan wahalar yana sama. Tafkin Lagdo ya kai murabba'in kilomita 586, daga kan tudu sai ka ga ruwa har iyakar ganinka, tsibirai na duwatsu a warwatse a ciki, kwale-kwalen masunta ƙanana-ƙanana suna dawowa daga kamun dare. Ɗaya daga tsibiran ma sunan agwada aka sa masa saboda yawansu, kuma a duwatsun bakin tafkin in ka zauna shiru kana iya ganinsu suna shan hantsi. Birai ma akwai, kar ka buɗe jakar abinci a gabansu.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi, kar ka shiga jeji kai kaɗai kuma kar ka yi nisa ba da sanin mutanen wurin ba. Ku zama biyu ko uku, ku faɗa wa mai masauki inda kuka nufa da lokacin dawowa. In za ku hau dutsen da ke bayan wani ƙauye ku tsaya ku gaida jauro, wato mai garin, "ranka ya daɗe, baƙi ne daga Garwa, muna so mu hau mu ga ruwa", sau da yawa zai haɗa ku da yaro ya nuna muku hanya, ku kuma ku sallami yaron da ɗan abin sefa. Wani dutsen akwai wurin da mutanen garin ba sa son a taka, ta haka ne za ku sani. Can gabas da kudu cikin dajin Mayo-Rey an sha fama da masu satar mutane, don haka ku tsaya inda ƙauyuka ke kusa da juna, kuma sabis ɗin waya yana ɗaukewa a bayan duwatsu, kar ku dogara da taswirar waya kaɗai.

Ku yi ƙoƙari kafin azahar kun dawo Lagdo. A bakin ruwa za ku samu gasasshen giwan ruwa da karfasa da ɗumi-ɗuminsu, ku ci ku huta sai la'asar. Kafin ka ɗora keke a mota ka goge sarƙa da tsumma ka ɗiga mata mai kaɗan ka sake gogewa, mai da yawa ƙura yake tarawa ya cinye haƙoran giya. Ka juya tayoyin kana dubawa ka cire ƙayoyin da suka maƙale da tsinke tun ba su kai ga tib ba, sannan in yaran mota za su ɗaure shi a sama ka tsaya a kansu, ɓangaren giya ya kalli sama, kar kuma su ɗora masa buhu.